Kawu da Duman Bakin Teku

Daga Allah muke, kuma wurinsa za a koma. Na maimaita wannan kalma a makonnin nan har bakina ya saba da ita. Zuciyata ce dai ba ta saba ba.

Ranar da aka zauna karɓar gaisuwar Kawu, wan mahaifiyata, falonmu bai ɗauki mutane ba. Maza suka cika shi har suka gangara matakala, mu mata 'yan kaɗan muna cikin ɗaki, ƙofa a buɗe rabi. 'Yan kasuwar Kano da suka zo sarin kaya a kasuwar Shahe ta nan Guangzhou sun bar dilolinsu sun zo. Ɗalibai sun zo da jakunkunan makaranta a bayansu. Wani dattijo ya ce Kawu ne ya fara sa shi a jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya riƙe masa hannu kamar yaro. Wani ya ce bai taɓa ganin wanda ya san fata irinsa ba, da ya shinshina jaka zai gaya maka ko roba ce. Har mai masana'antar jakunkuna na Shiling, wanda muke kira Lawban, wato maigida da Sinanci, ya zo da kwandon lemo. Da aka ɗaga hannu ana addu'a shi ma ya ɗaga, yana satar kallon na kusa da shi, aka shafa aka gama shi hannunsa na sama.

Aminin Kawu, Baba na Damagaram, ya koma gefe guda. Yana zaune da carbin Kawu a hannu, ba ya ja. Da wani ya ce masa sai haƙuri, sai ya ce, "To wa zai riƙa yi mini gardama yanzu?"

Umma kuma daga Kano saƙon murya take ta turo mini. Rabinsa kuka ne, rabinsa tambaya ɗaya: "Ke ce a wurin. Ya ce wani abu?" Har yau ban ba ta cikakkiyar amsa ba.

Kowa ya yi maganar jakunkuna da kwantena da riƙon amana, kuma gaskiya suka faɗa. Amma ba wanda ya ambaci koren abin da ke kan rufin gidanmu, alhali shi ne abin da Kawu yake fara dubawa kowace safiya, kuma a kansa ya ba ni wasiyya. Shi ya sa nake rubuta wannan. In rubutun ya yi tsalle-tsalle a yi mini uzuri. Har yanzu ba na iya buɗe famfo da ƙarfi, saboda ƙarar ruwan.

Da na gama sakandare Kawu ya ɗauko ni zuwa Guangzhou in riƙa ɗaukar hoton jakunkuna ina tura wa matan da ke saye a gida, in kuma yi masa tuwo. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Ɗansa, wanda nake kira Yaya, taubashina ne, shi kuma baƙauya yake ce mini. Watannin farko kuka nake yi, abincin garin ya ƙi shiga, ruwan sama kuma ba ya ɗaukewa. Wata rana na dawo daga shago na tarar Kawu ya bi masaukan baƙi ya roƙo kuka da daddawa, ya ɗaura zani a kan riga ya kaɗa miya da kansa. Duk gudaji ce, gishiri ya yi yawa. Ya tsaya a kaina har na cinye, yana cewa, "Kada ki gaya wa uwarki na iya girki, za ta ce in dawo gida."

Gidanmu ba lif. Bayan sallar asuba zai ɗauki buta ya hau matakala har rufi, yana hutawa a kowane hawa. A can ya jera jarkoki da ya yanke wa ciki, ya cika su da yashin da ya kwaso daga bakin teku a buhun shinkafa. A cikinsu wani yaɗo ne mai fure ruwan jar garura. Ranar da na fara ganinta na ce, "Kawu, ai wannan duman rafi ne. A gida ko akuya ba ta kula shi."

"Ɗan'uwansa ne, Uwata. Wannan na teku ne. Dubi ganyen, kamar kofaton akuya." Wani lokaci sai ya barbaɗa ɗan gishiri a butar, wai don kada ya manta gida.

Gidan duman na gani da ƙaramar salla. Kowace shekara mutanenmu kan yi hayar bas su tafi bakin teku, tafiyar rabin yini. Daga inda mota ta tsaya, wata tsohuwa mai kwalekwale, da kowa ke kira Ayi, takan tsallakar da mu wani kwantaccen ruwa zuwa tsibiri. Tsibirin yashi ne zalla, dogo siriri, ya kwanta a gaban gari kamar katanga. Bayansa ruwa shiru da laka, gabansa babban teku yana ta duka. Mu mutanen tudu da mun ga teku sai ihu da ɗaukar hoto. Kawu kuwa ya ce in cire takalmi in biyo shi.

"Lura da kyau," ya ce, "sahu suka yi, kamar a masallaci."

A sahun gaba, inda yashi ke ƙona ƙafa kuma iska ke watso gishiri, duman nan ne yake rarrafe. Ya ɗaga mini reshe ɗaya, na ga kowace gaɓa ta kafa saiwa. "Duk inda ya taka sai ya buga ƙusa. Iska ta kawo yashi ta binne shi, ya sake fitowa ta sama. Da haka tudu ke tashi." Tare da shi akwai wata ciyawa mai tsini, 'ya'yanta na gangarawa a kan yashi kamar bushiya. Bayansu wasu gajerun itatuwa ne masu ganye kamar zarto da 'ya'ya kamar abarba. Sai dogayen itatuwa masu gashi kamar wutsiyar doki, waɗanda masunta suka dasa, duk sun sunkuya sun ba teku baya, gefen da ke kallon ruwa ya babbake. A can ƙarshe, cikin laka, wasu itatuwa ne da saiwoyinsu suka leƙo sama kamar yatsu, ya ce numfashi suke yi.

A bayan dogayen itatuwan ya durƙusa ya tona rami da hannu har ruwa ya taru. Ya ce in ɗanɗana. Ba gishiri.

"Ruwan sama ne ya kwanta a ƙarƙashin yashi. In sahun gaba ya tafi, teku ya shigo, wannan ruwan ya lalace, dogayen nan su mutu a tsaye. Kowa yana yabon dogo don shi ke ba da inuwa. Na ƙasan nan ne ke shan dukan."

Da muka koma wurin jama'a ne aka yi rigimar. Mu Hausawa ba ma shimfiɗa tabarma a kan ciyawa. Duk inda za mu zauna sai an share, balle inda za a yi salla. Yaya da abokansa sun zaɓi gindin inuwa, sun tuge duman tun daga itatuwa har gangaren tudu, sun tara shi gefe guda kamar shara, sun share wuri fes. An shimfiɗa tabarmi, an hura gawayi, har an kafa duwatsun ragar ƙwallo. Sun yi aiki, suna jiran a sa musu albarka.

Ban taɓa jin Kawu ya ɗaga murya ba sai ranar.

"Wa ya sa ku?"

"Baba, ciyawa ce fa," in ji Yaya. "A kanta za mu yi sujada? In da maciji a ciki fa?"

"Ga fili can har bakin ruwa, ba ko tsinke."

"Can rana ce. Nan ne inuwa."

"Inuwar ma ba za ta daɗe ba, tunda ka cire mai gadinta."

Aka yi dariya, an ɗauka barkwanci ne. Kawu bai ci naman ba. Yana durƙushe cikin rana yana tsintar rassan da suka rage da rai yana mayarwa cikin yashi, mutane na cin abinci a bayansa. Baba na Damagaram ya ɗago tsire yana cewa, "Alhaji, ka bar jakunkuna ka koma jardiniye mai ban ruwan lambu? Zo ka ci, gwamnatin Sin ba za ta ba ka lambar yabo ba." Kawu ya ce, "Ci abinka, mutumin hamada. Kai da ka ga kore sai ka nemo akuya." Da Yaya kuwa sun daɗe ba sa magana sai ta kaya.

Abin da ya dasa bai kama sosai ba. Da salla ta zagayo aka sake zama a wurin, tunda ga shi a share. Sauran masu zuwa yawo su ma suka ga fili suka mai da shi hanya. Wurin ya zama sanƙo a tsakiyar kore. Jarkokin kan rufi, ashe, na toshe wannan sanƙon ne. Duk sanda ya sami sarari sai ya yanki rassa ya hau mota ya je ya dasa, ya dawo da yashi a aljihu.

Wata la'asar muna kan rufi na ce masa, "Kawu, ƙasar ba tamu ba, tsibirin ba namu ba. Me ya dame ka?"

Yana cire busassun ganye ya ba ni amsa. Ya ce da ƙuruciya ya zauna a kudu, gaba da Ikko, a kan wani zirin yashi irin wannan, yana sayen kwakwa yana lodawa arewa. Akwai ɗan zangon Hausawa da masallacin ganyen kwakwa. A can aka haifa masa 'yarsa ta fari, yayar Yaya, a can ƙyanda ta ɗauke ta tun ba ta fara tafiya ba, aka binne ta bayan masallaci. Mutane sun share duman wurin don shanya, motoci kuma na kwasar yashi ana gini. Ya tafi arewa, bayan wasu damuna ya dawo ziyara.

"Ba masallaci, ba kaburbura. Kwalekwale ne ke wucewa ta wurin. Na tsaya ban san ina zan kalla in yi mata addu'a ba."

Sai ya nuna jarkokin. "Ruwan garin nan ba ya barin ƙasa a wuri ɗaya. In a nan ajalina ya zo, ki sa mini wannan a kaina."

"Kawu, bar wannan maganar."

"Na dai gaya miki, Uwata."

Guguwar bana da ta zo, mun manna salatif a tagogi, mun sauko da jarkokin cikin falo. A talabijin muka ga ta sauka ne daidai gaɓar da muke zuwa. Kawu bai zauna ba tun daga ranar. Da hanya ta buɗe ya ce wa Yaya ya kai shi. Yaya ya ce, "Baba, lodi nake a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Kwantena zan bari in je duba ciyawa?" Sai ni na bi shi, da jiƙaƙƙen buhu cike da rassa.

Ayi da ta gan mu ta yi ta kaɗa hannu tana cewa "meyo, meyo", wato babu. Ba mu gane mene ne babu ba. Kawu ya nace, ta tsallakar da mu, ta tafi duba komarta ta kamun kifi.

Tsibirin ya rabe biyu. Dogayen itatuwan sun yi ja kamar an bi su da wuta, wasu a kwance. Inda duman yake da kauri tudun na nan, duk da an gutsure shi. Amma inda muka shimfiɗa tabarmi babu tudu, babu inuwa, sai wani faffaɗan kwari na jiƙaƙƙen yashi daga wannan ruwa zuwa wancan. Kawu ya sauka cikin kwarin a hankali. Ya tsaya tsakiya, kusa da wani karyayyen itace.

"Ta ƙofar da muka buɗe teku ya shigo," ya ce. Can kuma ya ce, "Ko da yake iskar ma babba ce. Kada ki gaya wa yayanki haka."

Ya durƙusa ya fara tono. Sai na ga ya zauna, ya dafe ƙirji. Ya ce, "Uwata, riƙe mini wannan," ya miƙo mini reshen da ke hannunsa. Na ji ya yi kalmar shahada, a hankali, kamar yadda yake yi in zai tashi daga kujera. Sai ya kishingiɗa.

Umma, abin da ya ce ke nan. Ba wani abu bayansa.

Rana tsaka ce, ba kowa. Na kira Yaya, wayar na ta shiga ba a ɗauka. Na yi ta jijjiga Kawu ina kiran sunan da ban taɓa kiransa da shi ba. Sai na ji sanyi a ƙafata. A garinmu ruwa ba ya zuwa sai an yi hadari. Nan ga rana ƙwal, ga ruwa na shigowa kwarin ta gaba da ta baya, shiru, kamar an aiko shi. Ashe teku yana da lokacin cikowarsa. Na kama shi ta hammata na ja. Yashin na nutsewa da ni. Ruwa ya kai idon sawu, ya kai gwiwa, hularsa ta tashi ta tafi. Na kawo shi gefen kwarin amma na kasa hawa da shi, gangaren na ta zubewa. Sai na ga saiwoyin duman nan suna reto daga bakin tudun da ya tsage. Na naɗe su a hannu ɗaya, na riƙe wuyan rigarsa da ɗayan. Ba su tsinke ba. A haka Ayi ta same mu. Ban san tsawon lokacin ba. Shatin na nan a hannuna.

Takardun asibiti da na hukuma sun ɗauki kwanaki kafin a ba da gawar, aka yanke a binne shi a maƙabartar Musulmi da ke bayan gari. Mace ba ta bin jana'iza, na sani, ban kuma ce zan bi ba. Na dai tsaya a bakin ƙofa da jarka ɗaya a rungume. Yaya ya fito, idonsa ja, ya ce, "Ke, jana'iza za mu, ba lambu ba." Na ƙara rungume ta. Baba na Damagaram ya karɓa ya ce, "Kawo, ɗiyata. Na san zancen."

Da la'asar ya dawo da ita a hannu. Ya ajiye a gabana, bai kalle ni ba. Ya ce kaburburan can a jere suke a matse, da an rufe sai a ɗora siminti, ba ko tafin hannu na ƙasa. Mai kula da wurin mutumin kirki ne, ya ce, amma ba a shuka. "Na yi ta zagayawa da ita kamar mahaukaci. Ba inda zan sa."

Zamana a ƙasar nan a kan Kawu yake, da ya tafi biza ta tafi. Yaya zai saki gidan ya koma ƙaramin ɗaki kusa da tasha. Jirgi ba ya ɗaukar shuka. Jarkokin kuma tun guguwa suna falo, ba mai ƙarfin mai da su rufi, ba rana, ganyen ya fara rawaya yana zuba. Kullum ina kallonsu suna mutuwa, ga wasiyya a wuyana, ga kabarin da ba zan taɓa gani ba.

Baba na Damagaram ne ya gaya wa Yaya labarin yayarsa. Yaya ya san an yi ta, ya san ta rasu, bai san teku ya cinye kabarinta ba. Da safe kawai na ji yana sauke jarkokin zuwa mota, ya leƙo ya ce, "Baƙauya, sa hijabinki."

Da muka isa, Ayi ta kama hannuna ta duba shatin, ta yi ta magana, ta nuna sama da teku. Yaya ya ce wai cewa take wata guguwar na tafe kafin sanyi. Aka loda jarkokin. Na sa ƙafa ɗaya a kwalekwalen, ya motsa, ruwa ya bugi katako. Sai na tsinci kaina zaune a ƙasa. Yaya ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya yi zolaya. Na kasa. Ni aka ba wasiyya, kuma ni na tsaya a gaɓa.

Daga nesa ina hango Yaya, ɗan ɗigo fari a bakin kwarin. Sai wayata ta yi ƙara.

"A ina ya faɗi?"

"Kusa da karyayyen itace, a tsakiya."

"Ba itace a nan. Ruwa ne duk."

Ina jin teku ta cikin wayar, ya sake tambaya.

"To a ina zan sa?"

"Sahun gaba," na ce. "Inda yashi ya fi zafi. Ka kwantar da reshen, ka binne gaɓoɓin, ka bar kan a waje yana kallon ruwa."

Ya daɗe. Ina ganinsa yana durƙusawa yana tashi, da farar shaddarsa, a gefen inda ya taɓa sharewa. Da ya dawo gwiwoyinsa duk yashi, jarkokin ba komai. Ya zauna kusa da ni a ƙasa.

"Zai kama kuwa?"

Na ce ban sani ba. Wanda ake tambaya irin wannan ya tafi.

Jibi zan hau jirgi. Ba zan ga ko ya kama ba, ba zan ga ko guguwar ta bar shi ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya haɗa shi da 'yarsa a inda ruwa ba ya raba mutane da nasu. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, ya sa har da ni. Ya ce in sa masa a kansa, ban sa ba. Jiya ina haɗa kayansa na zazzage aljihun rigunansa, kowanne da yashi a ciki. Na tara a gefen zanina na ƙulle. Shi kaɗai zan kai wa Umma.